Ina ɗan kasuwa yake shiga a tallafin tara ruwan sama?

Wani ɗan kasuwa daga Maraɗi, mai sayar da siminti da kwano da tankunan roba, ya aiko da tambaya. Ya ji ana cewa ƙungiyoyin waje suna ba da tallafi don tara ruwan sama a ƙauyuka da yankunan makiyaya, yana so ya san ko shagonsa zai iya samun wannan kuɗi, kuma ko ya dace ya ci bashi ya cika sito da tankuna tun kafin aikin ya iso.

Alhaji, tallafin akwai shi, amma ba da sunan shagonka za a rubuta shi ba, saboda haka ina ba ka shawara kada ka ci bashin nan yanzu. Ɗauki Shirin Ƙananan Tallafi na asusun muhalli na duniya, wato GEF, wanda Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara gudanarwa a 1992: a da yakan ba da har dala 50,000 ga aiki ɗaya, amma ƙungiyoyin al'umma da ƙungiyoyi masu zaman kansu yake ba wa, kuma kwamitin da ke cikin ƙasar ne yake tantance wanda zai samu. Asusun Raya Aikin Gona na Duniya, wato IFAD, shi ma yana da wani sashe da ya keɓe wa al'ummomin asali, kuma a nan ma ƙungiyoyin mutanen ne suke rubuta buƙata da kansu. Wurinka a cikin wannan harka shi ne wurin mai kawo kaya, ko mai kwangilar gini, bayan kuɗin ya shiga asusun ƙungiya.

Abin da ya faru a Birazil ya cancanci ka tsaya a kansa, domin shi ne zai nuna maka irin kayan da ya kamata ka sa ido a kansu. A yankin arewa maso gabashin ƙasar, inda fari ya saba addabar manoma, gamayyar ƙungiyoyi mai suna ASA ta fito da shirin gina tankuna miliyan ɗaya, gwamnati kuma ta rungumi shirin a 2003. Kowane tanki na siminti ne, yana cin lita 16,000, ana haƙa rami a gefen gida a gina shi rabi a ƙasa, ruwan rufin gida yana bi ta indararo ya sauka a ciki. An yi lissafin ne a kan iyali mai mutum biyar su sha su yi girki na tsawon wata takwas na rani. Magina 'yan yankin aka koya wa aikin, masu gida suka haƙa ramin, siminti da rodi kuwa a shagunan garuruwan da ke kusa aka riƙa sayensu. Da gwamnati ta soma raba tankunan roba daga manyan kamfanoni a wajen 2011, ƙungiyoyin sun fito zanga-zanga, kuma ɗaya daga cikin ƙorafinsu shi ne kuɗin ya daina tsayawa a hannun magina da 'yan kasuwar yankin. A ganina suna da gaskiya. A 2018 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kawo irin wannan tsari yankin Sahel, ta fara gwaji a Senegal da Nijar, tana fifita mata da gina tankunan da hannun mutanen gari. Ka ga kenan idan aikin da zai zo yankinku irin wannan ne, siminti da rodi da waya da indararo za a nema, tankunan robar da ka ciwo bashi a kansu su zauna a sito suna cin ruwan bashi. Sayen kaya kafin ka ga takardar aikin cinikin biri a sama ne.

Abin da zai sa ƙungiya ta neme ka tun tana rubuta buƙata shi ne ka iya lissafin da yawancin masu shago ba sa yi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce. Maraɗi tana samun wajen milimita 500 a damina mai kyau, to rufin da ya kai murabba'in mita 60 zai karɓi lita 30,000, idan aka cire kashi 20 cikin ɗari na asara sai a tashi da lita 24,000, wadda ta isa ta cika tanki irin na Birazil. Gidan da rufinsa bai wuce murabba'in mita 25 ba kuwa lita 10,000 kawai zai tara, kuma gina masa babban tanki ɓarnar kuɗi ce. Ka sa a takardar farashinka bututun da ke karkatar da ruwan farko, wanda yake wanko ƙura da kashin tsuntsaye daga kwano, da murfi mai kulle, da ƙaramin famfon hannu don kada a riƙa tsoma guga. Waɗannan ƙananan kaya ne, amma su ne suke raba ruwan sha da ruwan wanki.

Game da makiyaya, Fulani da Buzaye, kada ka ɗauka kayan da suka dace da gida mai rufin kwano ne za su yi musu. Mai bukka ko tanti ba shi da kwanon da zai tara ruwa, aikinsu yakan karkata ga yashe tafki, ko babban tanki a makaranta ko asibitin ƙauye. A nan abin da za ka sayar ya fi karkata ga shebur da diga da baro da hayar mota.

Sai maganar biya, wadda a nan ne 'yan kasuwa suke ƙonewa. Kuɗin tallafi kashi-kashi yake fitowa, ba a sakin na biyu sai an karɓi rahoton na farko, kuma jinkirin watanni ba baƙon abu ba ne. Farashin siminti ba ya jiran rahoto. Don haka ka rubuta a takardar farashi kwanakin da farashin zai tsaya a kai, ka nemi kuɗin kafin alƙalami da zai rufe aƙalla uwar kuɗin kayan farko, kuma kada ka zuba fiye da abin da shago zai iya jure rashinsa na wata shida. Ka tanadi rajistar kasuwanci da lambar haraji da asusun banki da sunan shago da rasit mai hatimi, domin galibi ana neman farashi daga shaguna uku a kwatanta, wanda ba shi da takardu kuwa ba ya shiga lissafi. Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fam don a sa sunanka cikin masu cin tallafi, ko ka ƙara farashi a rasit a raba, ka rabu da shi nan take.

Kafin damina, ka je ofishin magajin gari da na ma'aikatar ruwa ka tambayi ayyukan da aka amince da su a yankinku da ƙungiyoyin da ke riƙe da su. Sannan ka haɗa kai da magini ɗaya ku gina tanki guda a gidanka da kuɗin aljihunka, ka rubuta buhun siminti nawa ya ci da ranar da ruwan ya ƙare a rani, ka kai wa ƙungiyoyin waɗannan alƙaluma tare da farashinka.