Tambaya da Amsa: Wa zai riƙe mani ɗiyata bayan raina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne, malamin firamare na yi har na aje aiki, ina zaune Talata Mafara. Ina da mata biyu da ɗiya goma sha ɗaya, to cikinsu akwai wata mace yanzu shekarunta 23, tun tana ƙarama sanƙarau ya kama ta, Allah ya sa ta tashi amma ba ta ji kuma hankalinta ya tsaya kamar na ƙaramar yarinya, wanka ma sai uwarta ta tsaya kanta. Abin da na mallaka gidan da muke ciki ne, da shago biyu bakin kasuwa da gona guda. Da munka yi waya da ƙanena da ke aiki Amurka shi ne yake ce mani can suna da wani asusun amana na naƙasassu, a zuba dukiya wani ya riƙa yi masu hidima da ita har bayan ran iyaye. Akwai irin wanga abu nan gida? Ko in rubuta wasiyya in ce shago guda nata ne? Wallahi ba zargin yayyenta nake ba amma na ga yadda rabon gado ke raba zumunci.

Daga wani uba, Talata Mafara, jihar Zamfara

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya, ita kuma Allah ya ba ta sauƙi ya saka wa mahaifiyarta da alheri.

Zancen wasiyya dai Baba a bar shi. Ita magajiya ce, hadisi kuwa ya zo ƙarara babu wasiyya ga magaji ko da abin bai kai sulusin dukiya ba, sai fa in sauran magada sun yarda bayan rasuwa, to ka ga an koma gidan jiya, rayuwarta ta rataya a kan yardar mutum goma da mata biyu ranar da ba ka nan. In ɗaya ya ƙi, alƙali zai raba yadda aya ta ce, ta ɗauki rabin abin da namiji guda ya samu duk da ta fi kowa buƙata.

Abin da ƙanenka ya faɗa gaskiya ne amma ciwon da suke wa magani daban ne. A can gwamnati na biyan naƙasasshe marar ƙarfi kuɗi duk wata ta tsarin SSI, ga Medicaid da ke ɗaukar nauyin asibiti, da sharaɗin kada abin da ya mallaka ya wuce dala 2,000, adadin da tun 1989 yana nan yadda yake. In uba ya bar masa gado da sunansa sai a dakatar da tallafin har ya cinye kuɗin. Shi ya sa ake ajiye dukiyar hannun amintacce, shi ke biyan keken guragu, na'urar ji, ladan mai kula da shi, ba ya damƙa masa tsabar kuɗi. In kuɗin iyaye ne aka zuba ragowar takan koma wa dangi bayan ya rasu, in kuwa nasa ne na kansa kamar diyyar hatsari to dokarsu ta 1993 ta ce sai an fara biyan Medicaid abin da ta kashe. Mu nan ba mu da irin wannan tallafi da gado zai kora, dokar hana wariya ga naƙasassu da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ma ba ta yanka wa kowa albashi ba.

Abin ɗauka a nasu shi ne dukiya ta tsaya wuri guda amfaninta yana zuwa ga mai lalura, wannan kuma yana cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Mafara. Kana iya ba ta shagon kyauta ya zama nata, illa dai wanda ya riƙe mata wata rana yana iya sayarwa da sunan lalura ta taso. Kana iya mai da shi waƙafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Haibara, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, hayar kawai ake ci. Akwai kuma abin da malamai ke kira al-umra, ka ba ta amfanin shagon iya tsawon rayuwarta, ranar da ta cika ya koma wa magadanka. A gidan mata biyu ni wannan na ƙarshe nake gani ya fi kwantar da hankali, don 'yan ɗaya ɗakin sun san shagon bai tafi ɗakin kishiyar uwarsu har abada ba.

Wani zai kawo maka hadisin Nu'umanu ɗan Bashir na daidaita 'ya'ya a kyauta. Hadisi ne ingantacce. Amma abin da Risala ta karhanta shi ne a kwashe dukiya duka a ba wasu, wani yanki kuwa ta ce ya halatta, kuma akwai manyan malamai da suka sauƙaƙa in dalilin fifikon lalura ce ba son kai ba. Shago guda cikin biyu, ga gida ga gona, ba a yi ɓarna ba.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne kamu, wato abin da aka bayar ya shiga hannun wanda aka ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ko waƙafi in ba su fita hannun mai su ba har ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali, sun koma gado, komai kyan takardar. Wanda ake riƙe wa dukiya kamar ɗiyarka uba na iya kama mata da kansa in ya kafa shaidu, amma ban da gidan da yake zaune ciki, don haka cire gida daga lissafi. Gonar ma ban ba da shawara ba, a halin tsaron da yankinku ke ciki ba kullum ake samun zuwa gona ba, magani kuwa ba ya jiran kaka. To ranar da aka yi shaida a kira ɗan haya a gaya masa gaban mutane daga yau hayar nan ta wance ce, a canza rasit, a buɗe akawun daban, kada ko sisi ya shiga cefanen gida ko da fansho ya makara, ka sayi littafi mai bango ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da hannunka.

Sai babbar magana, wa zai riƙe bayanka. Mutane na ɗauka babban wa shi ne waliyyin dukiya kai tsaye, a Malikiyya ba haka ba ne, uba ne, sai wanda uba ya naɗa wasiyyi, sai alƙali. Wannan wasiyyar ta naɗa mai riƙo ita ce za ka rubuta, ta halatta, kuma mace na iya zama wasiyyiya, don haka mahaifiyarta ta cancanta in tana iya lissafi. Ka naɗa na biyu da zai riƙa duba littafin ko da sau ɗaya a shekara, ka kuma ambaci wanda zai gaje su, don yarinya 'yar 23 tana iya yin shekara 40 nan gaba. Kar ka zaɓi mutum don kunya ko don shi ne babba, wanda bashi ya yi wa katutu ko ɗanka ne ba a ba kura ajiyar nama.

Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta ce a ciyar da irinsu a tufatar da su daga dukiyar, to a takardar a warware abin dalla-dalla, abinci, sutura, magani, kuɗin mota zuwa asibiti Gusau ko Sakkwato. Ka kuma yanka wani kaso na hayar ga macen da ke yi mata wanka da wanki. Yau uwarta ce, gobe matar wanta ce ko ƙanwarta mai nata ɗawainiyar, in an bar ta da "Allah ya ba da lada" kaɗai wata shida ba za a yi ba a fara jin ƙorafi daga cikin gida. Shi ma mai riƙon a rubuta masa ɗan abinsa, Umar ya yarda mai kula da waƙafinsa ya ci gwargwado.

Wasu bankuna na da kamfanonin riƙon amana masu wannan aiki, sai dai suna cajin kuɗi duk shekara, ga shago guda ba zai fishe ka ba. Ka samu malami masanin gado da lauya ku tsara takarda, ku tabbatar da ita a kotun shari'a, in waƙafi ka zaɓa ka leƙa Hukumar Zakka da Waƙafi a Gusau ka ji yadda suke rajista. In shagon na da satifiket na mallakar fili, dokar filaye ta 1978 na buƙatar amincewar gwamna kafin mallaka ta sauya hannu, lauyan ya bi wannan. Sannan ka tara ɗakunan biyu a karanta takardar kowa na ji, manyan yara su sa hannu, kwafi ɗaya wurin mahaifiyarta, ɗaya wurin mai dubawa, ɗaya ka ɗauki hotonsa ka tura wa ƙanen naka ta WhatsApp.