Kallon igiyar ruwan Nazare: in yanki tikitin Agusta?

Tambaya: Salam Kawu, ni ɗalibi ne a Jamus, na ga bidiyon manyan igiyoyin ruwan Nazare na ƙasar Fotugal a TikTok sun tafi da ni. Na ɗan tara kuɗi ina so in je hutun Agusta, in yanki tikiti tun yanzu? Sannan allon nan da masu wasan hawan igiyar ruwan suke hawa, in saya ko in yi haya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Agusta kuma? Ai in ka je lokacin turawa kawai za ka tarar kwance a yashi suna shan rana, teku shiru abinsa. Manyan igiyoyin sai da sanyi, tsakanin Oktoba da Maris, shi ɗin ma ba kullum ba, sai guguwa ta kaɗa can tsakiyar Atlantika ta turo ruwa, ruwan ya biyo ta wani ƙaton kwazazzabo da ke ƙarƙashin teku mai zurfin kusan mita 5,000 wanda ya miƙo har dab da gaɓa, shi ke tattara shi ya cilla sama a bakin tekun da ake kira Praia do Norte. To ka ga ba abin da za ka sa wa rana wata uku kafin lokaci ba ne. Riƙe kuɗinka, ka dinga duba hasashen igiya a intanet, in sun ce babba na tafe nan da kwana uku ko huɗu sai ka yanka zuwa Lisbon ko da ya ɗan fi tsada, daga can bas wajen awa biyu ce.

Maganar allo kuwa, rufa wa kanka asiri. Sebastian Steudtner, Bajamushe ne ma, da ya hau igiya mai tsayin mita 26.21 a 2020 babur ɗin ruwa ne ya ja shi, ga masu ceto na jira a gefe. Kuma a nan Márcio Freire ɗan Brazil ya rasu a Janairun 2023, shi da ya ƙware.

Kuɗin allon ka sayi jaket mai tare iska da ruwan sama da takalmi mai kama ƙasa, don kan dutsen da ake tsayawa, wajen wata tsohuwar ganuwa mai jar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, iska ce kamar ta ɗauke mutum, ga santsi. Ka yi sammako kafin a cika. In ka sauko gari akwai tsofaffin mata masu shanya kifi a bakin ruwa, ka saya ka ɗanɗana ka ba ni labari ko ya kamo ƙafar bandar Baga.