Banki zai iya sayar da gidana ba tare da an je kotu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan kasuwa ne, harkar albasa nike yi. Shekara 2 da sunka wuce na jinginar da gidana da ke Mabera, nan Sakkwato, ga wani banki, na amshi naira miliyan 9. Kaya sunka ruɓe mini a hanyar kudu, yau wata 5 ban biya ko kwabo ba. Makon jiya sunka aiko takarda, wai in biya miliyan 11 da ɗoriya ko su saida gidan. Mata 2, ɗiya 11 da tsohuwata duk ciki suke. Abokina ya ce in kwantar da hankalina, ba mai taɓa gidan sai alƙali ya yanke hukunci, kuma shari'a na iya kai shekara 10. Wani kuma ya ce zai haɗa ni da mai yi mini sabon satifiket na mallakar gidan. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Mi ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yaye maka, ya mayar da alheri. Gidanka bai tafi ba tukuna, amma abokin nan naka, duk da ƙauna ce ta sa shi magana, hanyar rasa gidan ya nuna maka.

Kafin komai, ɗauko takardun da ka sa wa hannu. Idan satifiket ɗin kawai ka ajiye musu suka ba ka kuɗi, ba a yi cikakkiyar yarjejeniyar jingina ba, to da gaskiyar abokinka: sai sun nemi izinin kotu kafin su sayar. Idan kuwa ka sa hannu a takardar jingina, aka samo amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Filaye ta 1978 ya tanada, aka buga mata hatimi aka yi rajistarta a ma'aikatar filaye, to banki ba ya buƙatar alƙali. Da wuya yau banki ya saki miliyan 9 bai ɗaure kansa da irin wannan ba.

A nan nake so in tsaya, domin kusan kullum sai wani ya shigo ofishina da wannan zance na "sai kotu". Tsohuwar dokar jingina ta Ingila ta 1881, wadda har yanzu ake dogara da ita a jihohin Arewa, ta ba mai riƙe da jingina ikon sayarwa da kansa muddin lokacin biya ya yi. Sharaɗin da ta sa ɗaya ne cikin uku: ya ba ka notis ka yi wata 3 ba ka biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 ba a biya ba, ko ka karya wani alkawari na yarjejeniyar. Ɗaya, ba duka ba. Kai da ka yi wata 5, ka riga ka faɗa cikin na biyu. Sannan bankuna da yawa suna rubuta gajeren wa'adi a cikin takardar, wanda ke maye gurbin wata 3 ɗin, a shafin da ba wanda ke karantawa ranar karɓar kuɗi. Ba sammaci za a kawo maka ba. Dillalin gwanjo za ka gani yana zagaya katanga da baƙi.

Abin da ya fi ciwo, da zarar an ƙulla ciniki da mai saye, haƙƙinka na fansar gida ya faɗi. Ko da bankin ya yi kuskure wajen notis, doka tana kare wanda ya saya da zuciya ɗaya, kai kuma diyya kawai za ka bi, sai fa in ka tabbatar da zamba ko haɗin baki, abin da ba wasa ba ne. Na ga dattijon da ya zo mini da kuɗinsa cif a jaka, 'yan'uwa sun yi masa karo-karo, kwana 9 bayan an sayar. Muka zauna muna kallon juna.

Masu cewa a ruga kotu a karɓo odar dakatarwa su ma rabin zance suke faɗa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kotu ba ta hana mai riƙe da jingina sayarwa don kawai kana musun yawan bashin, sai ka ajiye a kotu abin da ake bin ka. In kana da miliyan 11 na ajiyewa, me ya kai ka kotu? Akwai lauyoyin da za su karɓi kuɗinka su shigar da ƙara, a yi ta ɗage zama, kuɗin ruwa yana hawa kamar farashin rago a jajibirin Layya. Wasu kuma sun haddace shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989, inda Kotun Ƙoli ta rushe jingina don babu amincewar gwamna. An yi haka. Amma bankuna sun ɗauki darasi tun lokacin, neman amincewar ma a wuyan mai gida doka ta ɗora shi, kuma ko jinginar ta rushe bashin yana nan daram. Haka mai cewa ka kai ƙara kotun Musulunci a soke ribar. Haramcin riba ba abin musu ba ne, amma wannan kotu ba ta da hurumin warware jinginar banki. Ranar sa hannu ya kamata a tuna da haramcin.

Mai sabon satifiket kuwa, ka guje shi kamar kuturu da wuta. Rantsuwar ƙarya zai sa ka yi cewa takardarka ta ɓata, alhali tana cikin akwatin banki kuma jinginar tana rubuce a rajista. Daga mai bashi ka koma mai laifi, gidan kuma ya tafi duk da haka.

To me za ka yi? Cikin makon nan ka rubuta wa bankin wasiƙa, ka kai da hannunka, su buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Maganar baki da manaja ba ta kare kowa, gobe ana iya canja masa reshe. Ka nemi cikakken bayanin asusun bashin tun ranar farko, ka ba akanta ya duba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce tarar jinkiri ba ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata kan abin da ba a biya ba, bayan kuɗin ruwan da aka yi yarjejeniya. In ka ga cajin da ya wuce gona da iri, ka yi ƙorafi a rubuce. In ba su warware ba, ka kai sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin, kyauta ne.

A wasiƙar ka faɗi abin da za ka iya, ba abin da zai yi musu daɗin ji ba: nawa za ka ajiye yanzu, nawa duk wata, ka nemi a tsawaita wa'adi, a yafe tara, a ɗaga maka ƙafa zuwa kakar albasa. Banki ba gida yake so ba. Gwanjo wahala ne gare su, fitar da iyali 15 daga gida a Sakkwato kuma ba abin da manaja ke marmari ba ne. Wanda ya zo da miliyan 2 a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya kashe waya. In kana da fili a Dambuwa ko gona ko mota, gara su tafi. Kada kuma ka yi tunanin ɓoye kuɗi a wani banki, tun 2020 akwai tsarin da ke ba su damar bin lambar BVN su cire abin da suke bi daga sauran asusunka, in ka sa hannu a kan hakan.

In lissafi ya nuna ba za ka iya ba ko an sassauta, ka nemi izininsu a rubuce ka samo mai saye da kanka. Farashin da za ka samu ya fi na gwanjo nesa ba kusa ba. A gwanjo sai an cire kuɗin dillali da na lauya da bashin kafin a miƙo maka ragowa, in kuma bai kai ba su ci gaba da bin ka cikon. Ka sayar da daraja, ka biya, ka sayi ƙarami a bayan gari.

Sai maganar kunya, wadda ita ce ke cinye gidajen mutanenmu. Magidanci zai ɓoye wa matansa, ya ɓoye wa ƙannensa, ya kai kuɗin da ya rage wurin mai duba a rufe bakin banki, sai ranar da aka zo da kwado kowa ya ji. Allah da kansa ya sa masu bashi cikin mutum 8 da ake ba zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma jihar nan tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Ka tara 'yan'uwanka da abokan kasuwarka a daren yau ka karanta musu takardar. Gobe da safe ka kai yarjejeniyar ga lauyan da ya san harkar filaye, ka ce ya nuna maka sakin layin da ya yi maganar ikon sayarwa da adadin kwanakin notis, ku ƙirga kwanakin da suka rage maka.