Amsa: BMI ya haura 40 amma likita ƙiba kawai ya rubuta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce nas ta auna mara lafiya BMI ɗinsa (awon nauyi gwargwadon tsawo) ya kai 42.3, likita kuwa "obesity" (ƙiba) kawai ya rubuta, kina tambaya ko ki sa E66.813, lambar cutar ƙiba mataki na uku, tunda ga adadi nan ƙarara. Kada ki sa. E66.9 za ki sa, lambar ƙibar da ba a fayyace ba, ki bi ta da Z68.41, lambar BMI ɗin. In kuma kina ganin ciwon ya wuce abin da aka rubuta, likitan za ki koma wa.

Na daɗe ina aikin sanya lambobin cuta a nan Amurka, kuma kusan duk wanda na koya wa aikin sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi a daidai wannan gaɓa. Tun 1 ga Oktoba 2024 da aka shigo da E66.811, E66.812 da E66.813 abin ya ƙaru, don kowa ya haddace cewa mataki na ɗaya daga 30 ne zuwa 34.9, na biyu 35 zuwa 39.9, na uku 40 abin da ya yi sama. Da mutum ya ga adadin sai ya ga ai lissafi ne kawai. To, wannan lissafin na likita ne. Ƙa'idojin ICD-10-CM, kundin lambobin cuta na Amurka, sun yarda ki ɗauki BMI daga rubutun nas ko masanin abinci, amma sunan cutar da tsananinta sai daga alƙalamin wanda ke da alhakin duba mara lafiyar. Mu kamar magatakardan kotu muke, ba ma rubuta hukuncin da alƙali bai furta ba.

Haka abin yake in an juya shi. Za ki ci karo da fayil mai BMI 36, ga ciwon suga ga hawan jini, likita ya rubuta "morbid obesity", wato matsananciyar ƙiba. Kada ki rage masa don bai kai 40 ba. E66.01 ce, sannan Z68.36. In kuma nas ta rubuta 42 amma likita bai ambaci ƙiba ko kaɗan ba, ita kanta Z68 ba za ta shiga ba, domin ba ta tsayawa ita kaɗai, ba ta kuma zuwa a farko.

Abin da ya sa ake zafafawa kuɗi ne. A tsarin Medicare Advantage, inshorar lafiyar tsofaffi da gwamnati ke biyan kamfanoni su gudanar, mataki na uku da E66.01 suna ƙara nauyin abin da gwamnati ke biyan kamfanin inshora a kan mara lafiya, na ɗaya da na biyu ba sa ƙarawa. Shi ya sa masu bincike ke bin wannan lamba da ido. Ranar da aka jawo fayil ɗin, tambaya ɗaya za a yi miki: nuna mana inda likita ya faɗa. Na taɓa zama a irin wannan binciken, aka buɗe shafi bayan shafi, ba komai sai tebur ɗin awon nas, nauyi da tsawo da adadi. Aka soke lambobin, aka mayar da kuɗin da aka karɓa. Idan abin ya zama ɗabi'a, sunansa ya tashi daga kuskure ya koma da'awar ƙarya, akwai kuma dokar tarayya a kanta.

Yadda za ki tambayi likita ma da ladabinsa. Ba a rubuta "Dakta, ai wannan mataki na uku ne, ko?" Kin sa masa magana a baki ke nan, mai bincike kuma zai yi watsi da amsar. Ki jera abin da ke cikin fayil, BMI kaza a rana kaza, an ba da shawarar rage cin abinci, an rubuta magani kaza. Sai ki ce ko zai iya fayyace nau'in ƙibar da matakinta, ki ba shi zaɓi har da "wani abu dabam" da "ba zan iya tantancewa ba". Kada ki kawo zancen biya ko kusa. Wasu likitocin za su yi miki shiru kwana da kwanaki, ki sake turawa ba tare da jin nauyi ba.

Ki kula da mai ciki. Ita O99.21 da ƙarin adadinta na watannin cikin ake farawa da ita, sai lambar E66 ta biyo, kuma ba a sa mata Z68 sam. Yara daga shekara 2 zuwa 19 su ma nasu awon dabam ne, Z68.51 zuwa Z68.56, biyun ƙarshen sababbi ne da suka zo tare da na matakan.

Tunda kin ce jarrabawar CPC, ta samun shaidar ƙwarewa a sanya lambobi, kike shiri, ki tabbata littafinki na shekarar da za ki zauna ne. Tsohon bugu zai nuna miki E66.8 a matsayin cikakkiyar lamba, alhali yanzu in kika tura ta a bil dawo miki da ita za a yi. Allah ya ba da sa'a.