Wa Zai Fara Neman Wani?

Amaryata,

Saƙonki ya iso. Ƙanenki ne ya karanta mini, don ƙananan rubutun wayar nan sun fi ƙarfin idona. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Wai kin ga hoton ƙawarki ta firamare a Instagram, rabonki da ita shekara 12, ashe tana Leicester, tafiyar kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa daga Birmingham. Kina so ki san a al'ada wa ya kamata ya fara neman wani, tunda kin girme ta da wata bakwai, kuma ko danna mata alamar zuciya ya isa gaisuwa. Wata bakwai! Da dariyar ta lafa kuma sai jikina ya yi sanyi, don in jikata ce ke wannan lissafi, to mu ne ba mu yi aikinmu ba.

Kin ce masaukinki yana Selly Oak. In kika gangara kudu kaɗan za ki shiga Bournville, unguwar da iyalan Cadbury suka gina wa ma'aikatan kamfanin cakulansu, inda Bournvitar da kike sha tun kina goye ta samo suna. A nan na zauna a 1974, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta tura mu ƙaro ilimin koyarwa. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da mijinta ya rasu, 'yar ɗarikar Kweka. Kada ki ce mini masu gwangwanin Quaker Oats, kamfanin nan aron sunan kawai ya yi. Kiristoci ne, wani George Fox ya fara wa'azinsu a Ingila wajen 1650, kuma wani alƙali ne ya laƙaba musu sunan don ba'a, ma'anarsa masu karkarwa. Su dai Abokai suke kiran kansu. Ba sa rantsuwa ko a kotu, ba sa zuwa yaƙi. Daren da na sauka ta ce mini mutanensu, har da wani Adam Curle, sun yi ta kai da kawowa tsakanin Gowon da Ojukwu lokacin yaƙin basasarmu. Ni ɗan ƙasar ban ma sani ba.

Matar nan ta ware mini tukunya don kada naman alade ya taɓa abincina, da azumi kuma ita ke ƙwanƙwasa mini ƙofa in tashi sahur. Don haka ranar wata Lahadi da gwiwarta ta matsa mata ta ce in riƙe ta zuwa ɗakin taronsu, ban yi musu ba. Na kai ta, na zauna a bencin bakin ƙofa ina jira.

Ba fasto, ba waƙa, ba kiɗa. Mutum wajen arba'in, suna fuskantar juna, kowa ya yi tsit. Ana jin ƙarar agogon bango da kukan cikin wani dattijo. Ni da na taso a Zariya inda ko zaman makoki ba ya rasa mai tari da mai jan carbi, sai na ga kamar an ɗauke wuta a duniya. Mahaifina yakan ce shiru ma magana ce, ranar na ga inda ake yin ta awa guda cur. Mutum ɗaya ne ya miƙe ya yi jimla uku ya zauna. Can sai dattawa biyu suka yi musabaha, alamar an tashi ke nan, kowa ya juya ya miƙa wa na kusa da shi hannu.

Daga nan aka ce baƙi su gabatar da kansu. Wani baƙin mutum dogo, mai kwat da ta yi masa kaɗan, ya miƙe da takarda a hannu, irin wasiƙar shaidar da ɗan ɗarikar kan karɓa daga jama'arsa in zai yi tafiya. Ya ce daga yammacin Kenya yake, ya zo kwas a Woodbrooke, makarantarsu da ke nan Selly Oak a wancan lokacin. Ya ambaci sakandaren da ya yi, ya ce wani Bature ya koya masa lissafi, matar Baturen kuma ta taɓa ɗinke masa wando da ya yage ranar jarrabawa. Ina kallon tsohuwata. Ta dafa benci ta miƙe ba tare da sandarta ba, ta kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi a makaranta.

Amarya, mutumin nan takardar ta faɗi daga hannunsa. Ya tsallake benci biyu, ya kama hannunta da hannu bibbiyu, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, ina Malam? Ta ce masa shekara huɗu ke nan. Ƙato da shi ya tsaya yana hawaye a gaban Turawa, su kuma suka koma shirunsu, ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Rabonsu da juna tun 1961.

A hanyar gida ta ce mini tun shigowarsa ta gane shi, da yadda yake karkata kai in ya zauna. Na ce to me ya hana ki magana? Ta ce wanda ya jira shekara 13, awa ɗaya ba za ta kashe shi ba, kuma ta yi amfani da awar ta shirya yadda za ta gaya masa mutuwar. Daga ranar kujerata ta bakin murhu ta zama tasa duk Lahadi. Shi ya ba ni labarin cewa tun 1902 'yan mishan daga Amurka suka kafa ɗarikar a Kaimosi, kuma su a can da fasto da waƙa suke ibada, wai shirun Ingila saura kaɗan ya sa shi gyangyaɗi.

Kakata, Allah ya jiƙanta, takan ce zumunta a ƙafa take, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Ba ta taɓa cewa a ƙafar babba ko ta ƙarami ba. Ku kuwa yanzu kun mayar da ita a babban yatsa. Amma ba ni da bakin yi miki faɗa sosai. Da na dawo gida wasiƙa biyu na rubuta wa tsohuwar nan, sai aure, sai aiki, sai mahaifiyarki ta zo duniya. Kullum ina cewa sai na samu labari mai daɗi in rubuta. Wata rana wasiƙa ta zo daga Kenya, mutumin nan ne yake yi mini ta'aziyya. Shi bai daina rubuta mata ba.

Batun wata bakwai kuwa, ki tambayi Hajiya, ita ta san lissafin mata. In kin samu sarari ki leƙa filin tsakiyar Bournville ki ɗauko mini hoton ɗakin taron, ina so in ga ko ƙofar tana nan yadda na bar ta. Kuma safar sanyin da kika yi mini alkawari har yau ban gani ba.

Angonki mai furfura.