Ina haddace ƙamus kullum, amma jarrabawar Turanci tana kayar da ni

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a babbar sakandare a Gusau, bana zan zauna WAEC da JAMB in Allah ya yarda. Tun hutun da ya wuce na sayi ƙamus na Turanci, kullum ina haddace kalma 20 daga shafin farko, yanzu ina harafin B. Amma da muka yi jarrabawar gwaji, sashen auna fahimta da na taƙaita labari suka kayar da ni. Insha'in ma malaminmu ya cika shi da jan biro duk da manyan kalmomin da na zuba. Waɗanne kalmomi ne ake buƙata, kuma yaya ake riƙe su?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi wa karatunki albarka. Yarinyar da za ta zauna da ƙamus kullum ba tare da an tsaya a kanta ba, ba raguwa ba ce, don haka kada ki ɗora wa kanki laifin kasala ko toshewar kai. Hanyar ce ba ta ɓullewa. Mai ƙamus ya jera kalmomi ne bisa haruffa don a samu sauƙin nema, bai jera su bisa yawan amfani ba. Shi ya sa kika ɓatar da kwanaki a kan abacus da abbot, waɗanda mai yiwuwa ki gama jami'a ba ki ci karo da su a takardar jarrabawa ba, alhali require da significant da vary, da za ki gamu da su a kusan kowane shafi, suna can ƙarshen littafi, ba za ki kai gare su ba har a shiga ɗakin jarrabawa.

Bari mu fara daga Hausarmu, don abin ya fi fitowa. Akwai Hausar da muke yi a gida da kasuwa: ci, sha, tafi, kuɗi, ruwa. Akwai kalmomin sana'a, waɗanda sai maƙeri ko marini ko ungozoma suka san su. Sannan akwai wasu a tsakiya, waɗanda za ki ji a bakin malami yana tafsiri, da alƙali a kotu, da mai sharhi a rediyo: hujja, dalili, sharaɗi, ƙa'ida, tasiri, nazari, sakamako. Ba na wani fanni guda ba ne, amma babu fannin da ake tattaunawa ba tare da su ba. Turanci ma haka yake. Na yau da kullum kin san da yawansu. Na fanni kuma, irin photosynthesis, malamin bayoloji ya rubuta muku ma'anarsu a allo. Na tsakiyar su ne marayu. Malamin kimiyya yana ganin aikin malamin Turanci ne, shi kuwa malamin Turanci nahawu ya ɗauke masa hankali. Kuma da su ake gina rubutun da ake ba ku a auna fahimta, da su ake rubuta tambayoyin kowane darasi.

An yi wa waɗannan kalmomi aiki na musamman. A shekarar 2000 wata malama a Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyuzilan, Averil Coxhead, ta tattara rubuce-rubucen jami'a masu kalmomi kusan miliyan 3.5 daga fannonin shari'a, kasuwanci, kimiyya da darussa irin su tarihi da falsafa. Ta ware kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su yau da kullum, ta nemi waɗanda suka rage kuma suke maimaituwa a duk fannonin. Ta samu dangin kalmomi 570, ta kira jerin Academic Word List, ana taƙaita shi AWL. Waɗannan 570 kaɗai suna ɗaukar kusan kashi 10 cikin 100 na rubutun ilimi, wato kalma ɗaya cikin kowace goma. Ta kasa su rukuni goma, na farko shi ne waɗanda suka fi yawan zuwa, guda 60, irin su analyse, assume, benefit, factor, indicate, occur da policy. Jerin yana nan kyauta a intanet. Fiye da kashi 80 nasu asalinsu Latin ne ko Girkanci, kamar dai yadda akasarin namu na ilimi suka zo daga Larabci. Idan kika ɗauki biyar a rana, kwana 12 ya ishe ki rukunin farko, kwana 114 kuma kin zagaya su duka. Ki kwatanta wannan da tafiyar da kika ɗauko.

Me ya sa kashi 10 yake da nauyi haka? Masana koyon harshe, irin su Paul Nation na wannan jami'ar, sun nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san kusan kashi 98 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Ɗauki labari mai kalma 500. Idan kin san kashi 98, goma ne kawai baƙi, za ki iya cankar ma'anarsu daga maƙwabtansu. Idan kuwa kashi 90 kika sani, baƙin sun zama 50, kusan kowane layi akwai rami, kuma maƙwabcin da za ki tambaya shi ma baƙo ne. A nan ɗalibi yake karanta labari sau uku ya tashi bai san inda aka dosa ba.

Ki lura na ce dangi, ban ce kalma ba. A Hausa wanda ya san karanta ya san karatu, makaranta, makaranci da karantarwa, ba ya haddace kowanne daban. To haka za ki riƙa koyon na Turanci. Economy ba ta zuwa ita kaɗai: akwai economic, abin da ya shafi tattalin arziki, akwai economical, mai tsimi, akwai economist, masanin fannin. Wannan ba ƙawa ba ce, maki ne. A auna fahimta na WAEC ana ciro kalmomi daga labarin a ce ki kawo wata da za ta maye gurbin kowace yadda aka yi amfani da ita. Da yawa ɗalibai sun san ma'anar, amma su faɗi, saboda an ba su aikatau na lokacin da ya shige sun kawo suna, ko an ba su jam'i sun kawo tilo. Idan an ba ki established, amsar ita ce founded, ba foundation ba. Ki cire ta asali, ki sa taki a gurbin, ki karanta jimlar a zuci. In ta yi tuntuɓe, ba ita ba ce.

Wani tarkon kuma shi ne kalma ɗaya mai fuska da yawa. Contract tana cikin 60 ɗin farko. A darasin kasuwanci yarjejeniya ce ko kwangila. A fiziks, ƙarfe ne ya tsuke don sanyi. A kiwon lafiya, mutum ne ya kamu da cuta. Wanda ya haddace "kwangila" kawai zai zaɓi amsar da ba ita ba a tambayoyin JAMB na kalma mafi kusa da ma'ana, kuma ki tabbata masu tsara tambayar sun ajiye masa ita cikin zaɓin. Ai ko a Hausa, "ci" na cin tuwo daban, na cin jarrabawa daban, na cin amana daban. Jimla ce ke faɗa miki wanne ake nufi, shi ya sa kalmar da aka haddace tsirara, ba jimla, rabin sani ce.

Akwai wasu ƙananan kalmomi da nake so ki fi ba su muhimmanci a kan kowanne, don a shekarun da na yi ina koyarwa su na ga sun fi zubar da yara. Su ne masu juya akalar magana: however da nevertheless, wato sai dai ko duk da haka, whereas, alhali, consequently, a sakamakon haka, despite, duk da. Marubuci zai yi layi huɗu yana kawo ra'ayin wasu, sai ya ce however, ya kawo nasa. Ɗalibin da bai ga wannan kwanar ba zai ɗauki ra'ayin da marubucin yake rusawa ya rubuta a matsayin amsa. A taƙaita labari kuwa su ne alamun hanya, su ke nuna miki ina jigon yake, ina misali kawai ake bayarwa. Ki ƙara da masu auna yawa. Hardly ba ta da alaƙa da ƙarfi ko wuya, ma'anarta da ƙyar, kusan a'a. A few na nufin akwai 'yan kaɗan, few ita kaɗai na nufin kusan babu. Seldom ba safai ba. Harafi ɗaya a nan yana juya amsa gaba ɗaya.

Sai kalmomin umarni da ke buɗe tambaya, kuma waɗannan sun shafi duk takardunki, ba Turanci kaɗai ba. State ko list, ambata kawai ki wuce. Explain, sai kin faɗi yadda abin yake faruwa da dalilinsa. Distinguish, bambanci ake so, ki ajiye su gefe da gefe. Discuss, ki duba ɓangarori, ba guda ɗaya ba. Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce account for. Na ga yarinya mai ƙoƙari ta bar tambayar labarin ƙasa ba ta taɓa ba, don ta ɗauka lissafi ake nema, alhali cewa aka yi ta kawo dalilan abin, kuma ta san su sarai.

Yanzu ga jan biron insha'inki. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, ana son kalma kusan 450, maki 50 ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskuren nahawu ko harafi yake cin rabin maki. Babu gurbin dogon Turanci a ciki. Babbar kalmar da ba ta zauna daidai ba tana cin ki sau biyu, a sarrafa harshe da kuma a harafi in kin kuskure rubuta ta. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin da mai dubawa yake nema shi ne kalma ta zo da abokan tafiyarta. Ana cewa conduct research, ana cewa depend on, ana cewa consist of. Kuma a nan Hausa takan ja mu. Muna cewa tattauna a kan batu, sai yaro ya rubuta discuss about, alhali discuss ba ta ɗaukar about. Muna cewa ara mini, sai a rubuta borrow me maimakon lend me. Wannan ba abin kunya ba ne, kowane mai harshe biyu yana fama da irinsa, amma sai an gane shi ake maganinsa.

Game da riƙewa kuwa, ba sai mun je nesa ba, makarantar allo ta riga ta koya mana. Almajiri ba ya wanke allo ya manta da abin da ya wuce, yana komawa tilawa, in ba haka ba haddar ta zube. Kalma 20 sabbi kullum ba tilawa, zuba ruwa ne a kwando. Ki rage su zuwa biyar. Ki samu littafin rubutu guda, kowace kalma ki ba ta rabin shafi: jimlar da kika same ta a ciki, ma'anarta da Hausa yadda kika fahimta, danginta, abokin tafiyarta, sannan jimlar da kika ƙirƙira da kanki a kan wani abu na rayuwarki, kasuwar unguwarku ko gonar babanki. Ki koma kanta gobe, da bayan kwana uku, da bayan mako, da bayan wata. Idan kin koma, ki rufe ma'anar da hannu ki tilasta wa kanki tunowa kafin ki duba. Sake karantawa kawai yana sa mutum ya ji kamar ya iya, bai iya ba.

Jerin nan taswira ce kawai, kalmomin a cikin karatu suke zaune. Kowace rana ki karanta abu guda har ƙarshe: sharhin editan jaridar Turanci irin Daily Trust, ko shafi biyu na littafin darasin gwamnati ko na tattalin arziki da kuke amfani da shi, ko labarin auna fahimta daga tsofaffin takardun WAEC da NECO. Karon farko kada ki taɓa ƙamus, ki ja layi ƙarƙashin baƙin kalmomi ki canki ma'anarsu, don a ɗakin jarrabawa haka za ki yi. Bayan nan ki buɗe shi ki gani ko kin dace. JAMB tambaya 60 take yi a Turanci cikin 180, duka a awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya, don haka wani lokacin ki riƙa karatun da agogo a gefe.

Ƙamus ɗin naki kuma ki duba shi. In irin ƙaramin nan ne mai ba da ma'ana layi ɗaya ba misali, ki nemi na masu koyo, irin na Oxford ko Longman, ko da na hannu ne daga wata yayarki da ta gama, saboda yana nuna jimla da abokan tafiyar kalma. Ki fara da rukunin farko a daren nan, bayan mako biyu ki rubuta insha'i guda da kalmomi goma daga cikinsu, ki kai wa malamin nan mai jan biro, ki roƙe shi ya nuna miki wacce ta zauna wacce ba ta zauna ba. Allah ya ba ki sa'a.