Amsa ga mai ciwon mara tun bayan haihuwa: ki je wurin likitar fisiyo, ki dakata da matsi

Assalamu alaikum ƙanwata. Na karanta tambayarki, inda kika ce tun haihuwarki ta fari da aka yi miki ƙari aka ɗinke, yau fiye da shekara guda, ciwon mara bai sake ki ba, saduwa da maigida ta zama azaba, kin sha magungunan sanyi iri-iri, gwajin fitsari da na gaba da sikanin duk sun fito lafiya, ga shi yanzu likita ya tura ki sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa jiki, kina tambaya ko gashi yana da wata alaƙa da irin wannan wuri, ko kuwa dai likitan ya gaji da ke ne. Amsata ita ce ki je, kada ki yi jinkiri. Kafin ranar kuma ki dakata da motsa jikin Kegel, wato matse tsokokin ƙasan mara da sakin su, wanda kika ce ya ƙara miki zafi, ki ajiye duk wani haɗin matsi da wasu suka ba ki shawara a nan. Ina faɗin haka ne domin na bi wannan hanya da ƙafata a nan Jos bayan haihuwata ta uku, kuma abin da ya warkar da ni shi ne abin da kike jin nauyin zuwa yi.

A ƙasan ƙugun kowane mutum, mace ko namiji, akwai tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara ta gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya. Su ne ke tallafe mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji, su ne ke riƙe fitsari da bayan gida har sai an kai makewayi, kuma su ne ke saki a lokacin saduwa da lokacin haihuwa. Matsalarsu iri biyu ce, kuma a nan ne yawancinmu muke ruɗewa. Wani lokaci suna yin rauni, sai mace ta riƙa ɗigar fitsari idan ta yi tari ko atishawa ko dariya, ko ta ji kamar wani abu yana zazzagowa ta gabanta. Wannan ita ce matsalar da Dakta Arnold Kegel, likitan mata ɗan Amurka, ya yi rubutu a kanta a 1948, kuma motsa jikin da ake kira da sunansa yana yi mata aiki sosai, har ma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ba da shawarar a yi shi aƙalla wata 3 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, matsewa 8 sau 3 a rana, kafin a yi maganar tiyata. Amma wani lokaci tsokokin ba rauni suka yi ba, ɗaurewa suka yi suka ƙi saki, kuma alamomin da kika lissafa sun fi kama da wannan: zafi a bakin gaba da zarar an taɓa, nauyi a mara idan an daɗe a zaune, jin fitsari a kai a kai ba tare da wata ƙwayar cuta ba, da wahalar bayan gida.

Ki dunƙule hannunki da ƙarfi, ki yi tunanin ya yini a haka, ya kwana a haka, wata da watanni. Hannun zai yi tsami, jini ba zai gudana a cikinsa yadda ya kamata ba, kuma duk wanda ya ce maganinsa shi ne ki ƙara dunƙulewa sau talatin a rana bai fahimci ciwon ba. Abin da ke faruwa bayan ɗinki shi ne, jiki yana ƙanƙame wurin domin ya kare shi daga zafi, wanda hakan daidai ne a makonnin farko, amma a wasu matan ƙanƙamewar ba ta tafiya ko da ciwon ya warke. Saduwar farko bayan arba'in ta yi zafi, sai jiki ya riƙe wannan, ta biyu tun kafin a fara tsokar ta riga ta ɗaure saboda fargaba, sai zafin ya ƙaru, fargabar ma ta ƙaru. Idan kuma mace tana shayarwa, sinadarin da ke sa gaba damshi yana raguwa, bushewa ta haɗu da ɗaurewa. Sikanin ba ya nuna ɗaurewar tsoka, gwajin fitsari ma haka, shi ya sa takardunki suke cewa lafiya lau alhali ke kin san ba lafiya ba. Ciwon gaskiya ne, ba raki ba ne, ba kuma ƙin miji ba ne.

Ni ma an daɗe ana ba ni maganin sanyi, daga kemis zuwa wani asibiti, domin a wurinmu duk abin da ya taɓa marar mace sanyi ne sunansa. Ranar da na fara ganin likitar fisiyo, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tsawon hirar da muka yi kafin ta taɓa ni. Ta tambaye ni yadda haihuwar ta kasance, sau nawa nake fitsari, ko ina yunƙuri a bayan gida, ko zafin a bakin wuri yake ko can ciki, da irin nauyin da nake ɗauka a gida. Bayan nan ta duba tsayuwata da bayana da cinyoyina da yadda nake numfashi. Sai a ƙarshe ta nemi izinina ta duba ciki, da yatsa ɗaya cikin safar hannu da man santsi, babu ƙarfen nan da ake buɗe gaba da shi a ɗakin awo. Da ta danna wani gefe a hankali, sai na ji ainihin zafin da nake ta kasa kwatantawa likitoci, har cikin cinya. Ki sani cewa haƙƙinki ne ki nemi mace ta duba ki, ki shiga da 'yar'uwarki idan kina so, ki ce a tsaya a duk lokacin da kika ji ba za ki iya ba, ko ma ki ce a bar dubin ciki sai zuwa na gaba. Ƙwararriya ba za ta matsa miki ba.

Jinyar kanta ba ta da wani abin tsoro. Tana sassauta wuraren da suka ƙulle da yatsa, tana laushe tabon ɗinkin, sannan ta koya miki yadda za ki ci gaba da kanki a gida. Babban darasin da na samu shi ne numfashin ciki: ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa gwiwoyi, ki ja iska ta hanci a hankali har ciki ya taso, ki bar ƙasan marar ya saki tare da shi, sannan ki fitar da iskar ba tare da matsewa ba. Da farko na raina shi, domin ban ga yadda numfashi zai kai can ba, amma tsokar numfashi da ta ƙasan ƙugu tare suke motsi, idan ɗaya ta sauka ɗayar ma tana sauka. Akwai kuma miƙe cinyoyi da ƙugu, da ɗora tsumma mai ɗumi a mara, musamman a sanyin Disamba da Janairu na garin nan, lokacin da ni dai ciwona ya fi tashi. Wasu ana ba su 'yan sanduna masu santsi, daga siriri zuwa mai kauri, su riƙa sabar wa jiki da su a gida har tsoron ya fita. Wasu asibitocin suna da na'urar da ke nuna wa mace a allo lokacin da tsokarta ta ɗaure da lokacin da ta saki. Sai bayan tsokar ta koyi saki ne ake duba ko tana buƙatar ƙarfafawa, a nan ne Kegel ke shigowa idan da bukata.

Wannan ba tsarin wasa ba ne a fannin lafiya. A wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan mata masu ciwon mafitsara na dindindin da tsokarsu ke zafi idan an taɓa, kashi 59 cikin 100 na waɗanda aka yi wa irin wannan sassautawar sun samu sauƙi, alhali a cikin waɗanda aka yi wa tausar jiki ta gama-gari kashi 26 ne kawai. A Faransa kuwa, bisa al'ada ana rubuta wa mai jego zama 10 na gyaran waɗannan tsokoki, inshorar lafiyar ƙasar ta biya. Mu a nan sai mu ƙare a wankan jego da kunun kanwa, a ce mai jego ta gyaru.

Ki kula da bayan gida sosai, domin yunƙuri kullum yana rushe aikin da ake yi a asibiti. Allah ya hore mana ganye a Jos, kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da karas da alayyahu, ga gwaten acca, ga gwanda, sai ki haɗa da ruwa isasshe. Idan masanku na zama ne, ki sa 'yar kujera a ƙarƙashin ƙafafunki yadda gwiwa za ta ɗara ƙugu tsawo. Ki rage ɗaukar jarkar ruwa a wannan tsakanin, idan kuma ya zama dole, kada ki riƙe numfashi yayin ɗagawa.

Maganar matsi ita ce ta fi damuna a cikin shawarwarin da na ga an ba ki. Alimun da bagaruwa da sauran abubuwan cusawa suna busar da fatar wurin ne, su sa ta tsage cikin sauƙi, su kuma kashe ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke kare gaba, har sanyin da babu shi ya samu ƙofa. Macen da tsokarta ta riga ta ɗaure ba ta da abin da za ta samu a wurinsu sai ƙarin azaba. Mafi muni shi ne idan wata tsohuwa ta ce angurya ce ko gishiri, a kai ki wurin wanzami ya yanka. Don Allah kada ki yarda ko da wa ya kawo maganar. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da ke huda mafitsara su jawo yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano da ke nan Jos ya san irin rayuwar da ke biyo bayan wannan lalura.

Shi kuma maigida, ki zaunar da shi ki yi masa bayani, in da hali ku je tare ya ji daga bakin likita, domin maza da yawa suna ɗaukar abin a matsayin gudu ne. Jinyar tana saurin ci idan an ɗan dakata da saduwar da ke sa zafi, sannan a dawo a hankali, da man santsi mai ruwa, a yanayin da ke ce kike iko da motsi. Su ma mazan suna kamuwa da irin wannan ɗaurewa, a yi ta ba su maganin mafitsara ba sauƙi.

Game da inda za ki je, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen fisiyo, haka ma babban asibitin ƙasa a Abuja da asibitin koyarwa na Gwagwalada idan kin fi kusa da can. Ba kowane likitan fisiyo ne ya karanci ɓangaren mata ba, saboda haka ki tambaya kai tsaye ko akwai wadda ta ƙware a lafiyar mata da tsokar ƙasan ƙugu. Idan asibitin kuɗi ne, ki tabbatar tana da rajista da hukumar MRTB, wadda ke ba masu wannan aiki lasisi a Najeriya, domin masu tausa da yawa suna kiran kansu fisiyo. Ki tafi da duk sakamakon gwaje-gwajenki da kwalayen magungunan da kika sha.

Kada kuma ki yanke hulɗa da likitan mata. Idan zafin yana tsananta ne lokacin al'ada, ko yana can ciki sosai, ki nemi ya duba yiwuwar endometiriyosis, wato lalurar da nama mai kama da na cikin mahaifa ke tsirowa a wajen mahaifa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana shafar kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa, kuma sikanin na yau da kullum yakan kasa ganinta. Idan kuwa kika ga zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini bayan saduwa, ko jini a fitsari, ko rama babu dalili, ko ciwo mai tsanani farat ɗaya alhali kin yi ɓatan wata, to wannan ba na jiran ranar fisiyo ba ne, ki tafi asibiti a ranar. Sauƙin yana zuwa ne sannu a hankali cikin makonni, wata rana ma ciwon ya ɗan dawo bayan doguwar tafiya a mota ko ɓacin rai, sai ki koma kan numfashinki ki gaya wa likitar a zama na gaba. Allah ya ba ki lafiya, ya raya abin da kika haifa.